Lissafi da Waƙa a Bakin Turke

Yau maganar tumaki za mu yi. Ina so in nuna muku yadda tunkiyar da ke ɗaure a turken gidanku za ta taimake ku koya wa yaro lissafin rabo, watau rabi da sulusi da rubu'i, ta kuma buɗe masa kunne ga waƙa, tun yana ƙarami.

Duk malamar da ta taɓa tsayawa gaban aji ta san inda yara su ke tuntuɓe. Ƙirga ba ta ba su wuya, haka kuma tarawa da ɗebewa. Amma ranar da aka rubuta 1/4 da 1/8 a allo, aka ce wanne ya fi yawa, sai ki ji da yawansu sun ce 1/8, wai don takwas ta fi huɗu. Dalili kuwa shi ne sun ga lambar a rubuce tun ba su taɓa raba kome da hannunsu ba. Wannan gyara a tsakar gida a ke yinsa, uwa kuwa ita ce malama ta fari.

Kada wata ta ce ai wannan boko ne kawai. Sunayen nan, sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da tumuni da ushiri, daga Larabci muka samo su, kuma da waɗansunsu a ke rabon gado kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Matar da mijinta ya rasu ya bar ɗa ko ɗiya, tumuni ta ke samu, shi ne mu ke kira tumunin takaba. In bai bar ɗa ko jika ba, sai ta sami rubu'i. To, a ce bayan an biya bashi da wasiyya ya bar tumaki 24. Tumuninsu 3 ne, rubu'insu 6, sudusin da mahaifiyarsa za ta samu in yana da 'ya'ya kuwa 4. Rabon gado aikin malamai da alƙalai ne, amma macen da ta iya wannan ɗan lissafi za ta zauna wurin rabo tana fahimtar abin da a ke faɗi. Wadda ta ɗauka tumuni ya fi rubu'i fa, ko an rage mata ba za ta sani ba. Har wa yau, a ƙasar Hausa yawancin tumaki da awakin da a ke kiwo cikin gida na mata ne. Wadda ta ba da tunkiyarta kiwo ƙauye bisa sharaɗin mai kiwo ya ɗauki sulusin 'ya'yan, lalle ta san nawa ne sulusin shida.

Yadda za a fara

Ki fara da rabi, tun yaro yana shekara huɗu ko biyar. Allah ya ba mu misali mai tafiya da ƙafafunsa, watau tunkiyar Uda, irin wadda Fulani Udawa su ke kiwo, wadda a ke kawowa kasuwar Mai'aduwa kusa da iyakar Nijar. Gabanta baƙi ne ko ja, bayanta fari, kamar an tsoma ta cikin rini an tsaya a tsakiya. Ki nuna wa yaro ki ce, "Rabinta baƙi, rabinta fari." Sa'an nan ki nuna masa 'Yar ƙasa, wadda fara ce sai ɗan baƙi a ido da kunne da baki, ko Balami fari fat, ki tambaye shi ko su ma rabi da rabi ne. Da ya ce a'a, ya fara ganewa.

Daga nan sai lokacin ba da dusa. Ki auno tiya guda, ki ajiye kwano biyu, ki ce wa ɗiyarki ta raba wa tumaki biyu, kada wata ta fi wata. Za ta zuba, ta rage, ta ƙara, har su daidaita. Ki bar ta ta yi da kanta ko da za ta zubar da kaɗan. Babban abin da za ta koya a nan shi ne, rabi ba ya zama rabi sai kashi biyun sun yi daidai. Mu kan ce "ba ni babban rabin" a wajen wasa, amma a lissafi babu babban rabi, babu ƙarami.

Bayan 'yan kwanaki ki ƙara kwano ya zama uku, ki gaya mata kowane kashi sunansa sulusi. Wani makon ki mai da su huɗu, kowane kashi rubu'i, wanda wasu ke kira kwata. Sa'an nan ki yi mata tambayar da ke kayar da 'yan aji: "Tiya ɗaya ce. Tunkiyar da ta ci da 'yan'uwanta uku, da wadda ta ci da 'yan'uwanta bakwai, wace za ta fi ƙoshi?" Yarinyar da ta ga dusa tana raguwa a kwano duk sa'ad da aka ƙara baki, ba za ta ce takwas ta fi huɗu ba. Ta gane cewa yawan masu rabo shi ke ƙaranta kashi.

Wadda ba ta da tumaki kada ta ce an bar ta a baya. Yara su gina nasu da yumɓu, ko a tara 'ya'yan tsamiya a ce su ne garke, a yi musu shinge da kara. A fara da goma sha biyu, gama ita ce ke rabuwa biyu, da uku, da huɗu, da shida, ba saura. Sai yaro ya saba da wannan da hannu, kamar yana shekara bakwai, kana a nuna masa yadda a ke rubutawa: lambar ƙasa ita ce yawan kwanonin, ta sama kuwa yawan waɗanda aka ɗauka.

Babbar Salla ma makaranta ce. Gidaje da yawa su kan kasa naman layya uku, na gida, da na 'yan'uwa da maƙwabta, da na sadaka. Ki zaunar da yara kusa da tabarmar rabo, ki tambaye su, "In an fitar da kashi ɗaya, saura sulusi nawa?" Haka kuma in maigida ya shiga watanda, a tambaye shi su nawa ne suka haɗa kuɗi, yara su faɗi sunan kashin da ya kawo gida.

Mu mutanen Daura ma labarinmu na asali cike ya ke da rabo. An ce macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Jumma'a, watau kwana ɗaya cikin bakwai, shi ne subu'in mako. An kuma ce sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe shi. In kina ba yara labarin Bayajida da dare, ki ɗan tsaya a nan ki tambaye su.

Inda waƙa ta shigo

Abin da aka rera ya fi zama a kai bisa ga abin da aka faɗa. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da mata. Ta kan naɗa jajis, su haddace waƙoƙinta, su tafi ƙauyuka su koya wa 'yan taru. Hanyar da ta bi wajen manyan al'amura za ta yi mana amfani a wannan ƙaramin aiki.

Ga wata 'yar waƙa da na shirya domin wannan darasi:

Tumakina guda takwas,
Na kai su shan ruwan tafki.

Rabinsu, huɗu, sun ƙoshi,
Sun kwanta can bayan ɗaki.

Rubu'i, biyu, na kiwo,
Suna ta cin ɗanyen haki.

Saura nawa? Faɗa mini,
Kafin in koma kan aiki.

Amsa dai biyu ce, watau wani rubu'in. Ki rera, yara su amsa, suna motsa tumakin yumɓunsu. Bayan sun haddace, ki koya musu sunayen sassan waƙa. Kowane layi sunansa ɗango. Ɗango biyu a nan su ne baiti. Sautin "ki" da ke dawowa ƙarshen kowane baiti shi ne amsa-amo, ko ƙafiya. Ki sa su nemo waɗansu kalmomi masu ƙarewa haka, kamar doki da jaki da biki, su gwada ƙara baiti nasu.

Sa'an nan ku yi tafi a kan kowace gaɓa: tu-ma-ki-na-gu-da-ta-kwas. Tafi takwas ke nan, kuma kowane ɗango haka ya ke. To, tafi nawa ne rabin ɗango? Baiti nawa ne rabin waƙar? Kin ga lissafi ya shiga cikin waƙa ba tare da yaro ya ji nauyi ba. Manyan mawaƙa, irin su Aliyu Namangi da Mu'azu Haɗeja, ba ƙirga gaɓa kaɗai su ke yi ba, har da auna doguwa da gajeruwa. Amma ga yaro ƙirgar ita ce matakin fari.

Domin 'yan makaranta

Ga wani tsohon wasa ƙwaƙwalwa da a ke bayarwa da raƙuma, mu kuwa za mu yi shi da tumaki. Wani mutum ya yi wa yara uku kyautar tumaki 17. Ya ce na fari ya ɗauki rabi, na biyu sulusi, na uku tusu'i, watau ɗaya cikin tara, kuma kada a yanka ko ɗaya. Abu ya gagara, sai wata tsohuwa ta ara musu tunkiyarta suka zama 18. Na fari ya ja 9, na biyu 6, na uku 2. Duka 17 ke nan, tsohuwa ta kora abarta gida. Asirin shi ne, rabi da sulusi da tusu'i in an tara su ba su cika ɗaya ba, 17 ne cikin 18. Ku gwada da tsakuwa, sa'an nan ku ba ƙannenku.

Gargaɗina na ƙarshe, 'yan'uwa, kada a haɗa wannan da tsawa ko bulala. Minti goma bayan la'asar, lokacin da a ke zuba wa dabbobi harawa, ya isa. In yaro ya kuskure, ki mayar da dusar wuri ɗaya ya sake rabawa. Kuma kada a ware mata a ce lissafi na maza ne, gama ɗiyarki ce za ta auna tsaba gobe, ta riƙe adashi, ta yi kiwo. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Wadda ta gwada, ko ɗanta ya shirya baiti mai daɗi, ta aiko mana mu gani. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.