Windows ko Linux: Wacce Za Ta Iya Zaman Babban Duhu?

Ɗan yayata, malamin firamare ne a Babban Duhu ta ƙaramar hukumar Safana, ya sayar da waken da ya noma ya haɗa da adashin da ya ɗauka, ya zo mini da maganar sayen kwamfutar cinya. Buƙatunsa uku ne: ya riƙa buga jarrabawar ɗalibansa da sakamakonsu, ƙannensa su koyi riƙe linzami kafin su shiga ɗakin JAMB, kuma idan hali ya yi ya sayi firinta ya riƙa yi wa mutanen gari takardar gayyatar biki. Ya ce, "Kawu, a kasuwa kowa HP yake ce mini ko Dell. Wani abokina da ya yi karatu a Dutsin-Ma kuma ya ce in cire Windows in sa Linux. Ni ban ma san ana cire Windows ba."

Mafi yawan masu saye haka suke. Suna duba jiki da batir da kuɗi, ba sa tambayar babbar manhajar da ke ciki, alhali ita ce ke karɓar umarni daga hannun mutum ta isar wa ƙarfen, kuma a kanta duk sauran manhajoji suke zama. Manya guda uku ne a duniya. MacOS ta kamfanin Apple a kan kwamfutocin Apple kaɗai take zuwa, kuɗinta ya fi ƙarfin adashin malamin firamare, mai gyaranta kuma sai an je Kano ko Abuja. Saura biyu ke nan: Windows ta kamfanin Microsoft, da Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991, ya bar ta kyauta ga duk mai so. Linux kala-kala ce. Waɗanda suka fi dacewa da sabon shiga su ne Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, da Linux Mint, wadda aka gina a kanta aka yi mata fuska mai kama da ta Windows. Mai riƙe da wayar Android ma ya daɗe yana amfani da Linux bai sani ba, domin a kan zuciyarta aka gina Android.

Mu fara da ƙarfen da za a saya, domin a nan rigimar ta fi zafi yanzu. Abin da mutanenmu ke kira sabuwar kwamfuta galibi ta hannu ce, wadda ta gama aiki a wani ofis na Turai ko Amurka, ta sauka Ikko, ta hau mota zuwa layin Beirut a Kano ko shagunan Katsina. Yawancinsu da Windows 10 aka ƙera su, ita kuwa Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na kyauta ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga wanda ya yi rajista. Magajiyarta, Windows 11, tana da sharuɗɗa: ram giga 4 a ƙalla, ma'adana giga 64, wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, wato daga ƙarshen 2017. Lambar furosesa ce ke tona asiri. Idan ka ga i5-8250U, takwas ɗin farko na nufin zubi na takwas. Idan i5-6300U ce, irin wadda ke cikin HP EliteBook 840 G3 da ta cika kasuwa, zubi na shida ce, Windows 11 ba ta yarda da ita ba. Masu shago sun san dabarar cusa mata Windows 11 ta bayan gida, tana kuma tashi ta yi aiki, amma Microsoft ta ce ba ta ɗauki alkawarin sabunta irin wannan ba. Linux Mint ba ta da wannan tsaurin. Ram giga 2 ta isa ta tashi, giga 4 ta wadata, kuma fitowarta ta 22 da aka saki a 2024 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. A kan tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi, Linux ta yi wa Windows nisa.

A maganar kuɗi ma, a takarda Linux ce gaba. Lasisin Windows 11 na gida dala 139 ne a shagon Microsoft, Word da Excel kuma kuɗinsu daban, alhali Linux Mint na zuwa da LibreOffice, mai rubutu da lissafi da gabatarwa, ba a biyan ko kwabo. Sai dai a kasuwarmu wannan fifikon ba ya fitowa fili, saboda mai shago zai ɗora maka Windows da Office da CorelDRAW na sata ya ce kyauta ce. Kuɗin yana fitowa daga baya, ranar da manhajar da aka fasa ta shigo da ɓarawo, ko ta fara kukan a biya ta. Kwamfutocin ofis da yawa suna zuwa da lasisin Windows na gaskiya a binne cikin ƙarfensu, don haka kafin a biya, a sa mai shago ya buɗe wurin da ke nuna ko an kunna lasisin.

Sai sabis, wanda mutumin Safana da Batsari ya fi kowa sanin darajarsa. A Satumba 2021 gwamnatin jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindigar dajin Rugu, har da Safana da Batsari da Ɗanmusa da Dutsin-Ma, ba a fara maido da su ba sai Disamba. A tsakiyar wannan shirun, ranar 5 ga Oktoba, Windows 11 ta fito, kuma nau'inta na gida ba ya kammala shiri ranar farko sai da intanet da asusun Microsoft. Wanda ya sayi sabuwa dal a kwali ya kai ta ƙauye a lokacin, da sai ya ajiye ta ya jira, ko ya yi tattaki zuwa inda ake samun sabis. Bayan haka Windows tana da son sauko da sabuntawa da kanta, ta lashe datar wata guda cikin dare ɗaya, sai in mutum ya shiga ya nuna mata cewa layin nan na awo ne. Linux Mint ba ta tambayar asusu, ba ta sauko da komai sai ka ce ta yi.

Amma kada a yi saurin yanke hukunci. Manhajojin Linux daga rumbun intanet ake ɗauko su, kusan kowace ƙarin buƙata sai da sabis. Na Windows kuwa yawo suke yi a fulash daga hannu zuwa hannu, kamar yadda waƙa da fim ke yawo a wurin masu turi. Inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan kasuwar fulash ɗin gata ce babba. Ita ce kuma hanyar cuta. Duk wanda ya taɓa kai fulash shagon buga takardu ya dawo ya tarar fayilolinsa sun koma 'yan kibiyoyi marasa buɗuwa ya san bairos ɗin nan. Don Windows aka rubuta shi, idan ya shiga Linux kwanciya yake yi kamar kowane fayil, har ma ana amfani da Linux a tono takardun da ya ɓoye. Windows ta zamani tana da mai gadinta, Defender, mai ƙoƙari ƙwarai, amma shi ma da sabuntawa yake rayuwa, kuma shi ne abu na farko da mai ɗora manhajar sata ke kashewa.

Wutar lantarki ba ta raba gardamar. Inda wayar KEDCO ba ta kai ba, ko ta kai ba wuta, sola ce da shagon mai caji. Wani ya ce Linux ta fi riƙe batir, wani ya ce Windows, gaskiyar kuwa ta danganta da ƙirar kwamfutar. Lafiyar batirin da ma'adana irin ta SSD sun fi sunan babbar manhaja tasiri a nan.

Inda Windows ke karɓe fili shi ne wurin aiki da jama'a. Shagon buga takardu a arewa da CorelDRAW yake cin abinci: katin biki, kalandar siyasa, takardar shaidar sauka. CorelDRAW da Photoshop ba su da nau'in Linux. Akwai madadinsu, Inkscape da GIMP, suna aiki sosai, amma ranar da ka kai zanenka wurin mai babban inji a Katsina zai ce ka kawo fayil ɗin Corel. LibreOffice tana buɗe takardar Word, tana ma adanawa a siffarta, sai dai jadawali mai sarƙaƙiya irin na sakamakon jarrabawa kan gurɗe idan ya tsallaka daga wannan zuwa waccan, musamman in haruffan da aka yi amfani da su babu su a ɗaya ɓangaren. Maganin shi ne a mayar da takarda PDF kafin a kai bugu, amma ofishin da ya ce a turo masa wadda zai gyara ba zai karɓi wannan ba. Firintocin HP galibi suna tashi a Linux da zarar an jona, wasu ƙananan Canon kuwa sai an sha wuya. Takardar koyon kwamfuta da ake nema wurin ɗaukar aiki ma, Word da Excel ake nufi.

Ga ɗalibi mai shirin jarrabawa bambancin ƙarami ne. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ta bi sahu da masu zaman kansu a 2024, kuma abin da ke kayar da ɗan ƙauye a ɗakin shi ne baƙuncin allon rubutu da linzami. Wannan kowace babbar manhaja za ta koya masa. Sai dai manhajojin gwajin tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa, yawancinsu na Windows ne ko na waya. Rubutun Hausa da ƙ da ɗ da ɓ kuwa duka biyun suna da tsarin madannai na Hausa a ciki, haka na Larabci, kunna shi kawai ake yi.

Ma'auni na ƙarshe shi na fi ba nauyi: ranar da ta ƙi tashi, wa zai duba ta? Daga Babban Duhu zuwa wurin mai gyara tafiya ce, a kan hanyar da ba kowane lokaci ake son bi ba. Kowane yaron shago a Dutsin-Ma ko Katsina ya iya yi wa Windows fomatin cikin awa guda. Ka kai masa Linux, abin da zai fara yi shi ne ya goge ta ya ɗora Windows, takardunka su bi ruwa. Linux ba ta cika lalacewa ba, amma idan ta yi tutsu, maganin yana shafukan intanet da Turanci, ko a hannun wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa. Wanda yake da irin wannan a gida, Linux ta zame masa araha ta gaske. Wanda ba shi da shi, ya sayi doki ne a garin da babu mai sirdi.

Don haka na ce wa ɗan yayata, tunda firinta da katin biki suna cikin lissafinsa, Windows ce tasa. Amma ya ƙara haƙuri ya cika kuɗin zubi na takwas ko sama, da ram giga 8 da SSD, ya ga lambar furosesar da idonsa, kada ya yarda da takardar da aka manna a jiki. Da a ce kuɗinsa ba su wuce na zubi na huɗu ko na shida ba, kuma rubutu da karatu da koya wa yara kaɗai yake so, da Linux Mint zan ce, domin ta fi Windows 10 da aka daina yi wa gyara aminci, ta kuma fi Windows 11 ta dole.

Ya ce, "To Kawu, abokin nawa fa? Ƙarya ya yi ke nan?" Na ce bai yi ba. Linux Mint tana tashi daga fulash ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Ya roƙi abokin ya zuba masa ita a fulash mai giga 8, ya riƙa gwadawa ranar da babu makaranta, ya ajiye shi cikin jakar kwamfutar tare da caja. Ranar da Windows ta ƙi tashi ana saura kwana biyu a raba sakamako, da fulash ɗin zai shiga ya kwaso makin ɗalibansa kafin ya kama hanyar Dutsin-Ma.