Yadda Ƙasar Mambila ta Zama ta Shanu

'Yan'uwa manoma, a taronmu na gama kai mun sha yin magana a kan gona da burtali. To, bari mu duba tsaunin Mambila, can ƙaramar hukumar Sardauna a Jihar Taraba, gama abin da ya faru a can yana iya faruwa a ƙauyenmu.

Tudu ne mai sanyi, mai yawan ruwan sama da ciyawa, ba ƙudan tsando. Tun dā Mambilawa ke noman dawa a gefen tuddai. Suna da wata dabara da ta kamata mu riƙe: idan gona ta gaji sai su shuka majimfa, wadda suke kira yom, su bar ta har ƙasa ta farfaɗo. Watau gonar da aka bari ba daji ba ce, hutawa take yi.

Jamusawa suka fara mulkin wurin tare da Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka danƙa shi amana ga Ingila, aka haɗa shi da lardin Adamawa. Da Turawa suka ga makiyaya ba ciwon sammore, sai suka bar Fulani su hau da garkunansu, musamman daga wajen 1940. Dalilin a fili yake. Jangali yana cika baitulmalin En'e fiye da harajin manomi. Shanu suka yi ta ƙaruwa, aka shata wurin kiwo da wurin noma, gonaki suka koma kwari, saurar da ke hutawa kuma aka ɗauke ta filin da ba mai shi. Majimfa ta ragu, zaizayar ƙasa ta soma.

A 1961 jama'ar yankin suka jefa ƙuri'a, ƙasar ta shiga Nijeriya. Daga baya aka kafa gonar shayi a Kakara, aka dasa itatuwan turare ko'ina.

Amma babban canji ya zo da Dokar Filaye ta 1978. Ta yarda ƙaramar hukuma ta ba mutum har hekta 500 domin noma, hekta 5,000 kuwa domin kiwo. Masu kuɗi da manyan ma'aikata suka nemi takarda, suka kewaye tuddai da waya. A ganinmu ba manomi kaɗai ya yi hasara ba. Ƙaramin makiyayi mai shanu ashirin shi ma ya rasa inda zai bi da su zuwa rafi. Aka bar talakawa biyu suna kallon juna da fushi, har aka zub da jini a 2002 da kuma 2017.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta auna filayenta tun yanzu, har da saura, ta nemi takardar shaida da sunan ƙungiya. A kira arɗo da mai unguwa ranar da za a kafa turakun iyaka, a bar hanyar shanu zuwa mashaya a buɗe.