Kiɗan Kejun da Yadda Buluz Ya Shiga Cikinsa

Idan muka duba taswirar Amurka, can kudu za mu ga jihar Luwiziyana. A nan ne mutanen da ake kira Kejun suke zaune. Kakanninsu Faransawa ne 'yan ɗariƙar Katolika, waɗanda Ingilishi suka kora daga Akadiya, a gabashin Kanada, a shekarar 1755. Da yawansu sun mutu a hanya.

Da fari a gida ake rawa. Ranar Asabar da dare sai a kwashe kayan ɗaki, mai goge ya zauna, a kwantar da jarirai a ƙuryar ɗaki. Ana kiran wannan taro fais do-do, kalmar da uwa ke lallashin ɗanta da ita ya yi barci. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 akodiyon ya shigo, ya kuwa danne goge, gama ƙararsa tana kaiwa ƙarshen ɗaki ko da mutane suna buga ƙafa. Daga baya aka gina manyan zaurukan rawa inda ake biyan kuɗin shiga. A 1928 Joe Falcon da Cléoma Breaux suka ɗauki faifan garmaho na farko na wannan kiɗa.

To, ina buluz ya shigo? Kada mu haɗa shi da sunan Manzo Bulus! Buluz waƙar baƙaƙen fata ce, jikokin bayi, mai jan murya kamar kuka. Maƙwabtan Kejun baƙaƙe ne masu jin Faransanci, gona ɗaya ake nomawa, kunne kuwa ba ya bin dokar wariya. A lokacin azumin kwana 40 kafin Ista, da ake ajiye kayan kiɗa, baƙaƙen sukan rera waƙoƙin juré da tafi da buga ƙafa kawai. Daga cikinsu ne Amédé Ardoin ya fito, mai akodiyon. A 1929 ya ɗauki faifai tare da Dennis McGee, farin mutum mai goge, a zamanin da doka ta raba su makaranta da wurin zama. A ganinmu muryar Ardoin ce gishirin kiɗan nan duka. Ya rasu a asibitin masu taɓin hankali a Pineville a 1942.

Kiɗan ya kusa rasa harshensa. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya sa Turanci ya zama harshen koyarwa, ana kuma hukunta yaran da suka yi Faransanci a makaranta. A shekarun 1930 makaɗa da dama suka ajiye akodiyon, suka koma salon Teksas. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai Iry LeJeune, saurayi mai raunin gani wanda ya koyi waƙa daga faya-fayan Ardoin, ya dawo da akodiyon da kukan nan a 1948. A 1949 Nathan Abshire ya fitar da Pine Grove Blues, zaurukan rawa suka sake cika da masu neman a rera musu da Faransanci.