Ƙofar Gida: A Auna Kafin A Saya

Katsina birni ne da ya san darajar ƙofa. Har yau da ƙofofin ganuwa muke kwatancen unguwanni: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Guga, Ƙofar Yanɗaka. Abin mamaki, idan ɗayanmu ya tashi gyaran gidansa, ƙofar shiga ce abin da yake bari a ƙarshe. Sai an gama filasta an shimfiɗa tayil, sannan a tafi kasuwa a zaɓi wadda ta fi ƙyalli, a kawo wa magini a ce ya san yadda zai yi da ita. A ganina wannan ɗabi'a na jawo asarar kuɗi, wani lokaci ma har ta taɓa lafiyar gini da mutuncin masu gida.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. A tsofaffin gidajen Yarinci da Gambarawa da Rafindadi, magini kan kauce da ƙofar ciki ta zaure daga saitin ta waje, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Yakan ɗaga dokin ƙofa saboda ruwan damina. Faɗin ƙofar kuwa azarar giginya da ke ɗauke da nauyin bangon sama ce ke ƙayyade shi. Kowane awo da dalilinsa. Yau da ƙofar ƙarfe ta maye gurbin ƙyauren katako, mun riƙe ado mun saki dalili.

Tambayar farko ita ce: me zai bi ta wannan ƙofa? Babur zai shiga kullum. Firij da gado da kujerun amarya za su shiga. Tsoho zai bi ta nan a keken guragu, mara lafiya a hannun mutum biyu. Wata rana kuma, wadda babu makawa, makara za ta fita da mutane a gefe da gefe. Na sha halartar jana'izar da aka yi ta karkata makara a zaure saboda ƙuncin ƙofa, abin da ba ya yi wa kowa daɗin gani. Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta sa aka tsayar da inci 32, wato kusan santimita 81, a matsayin mafi ƙarancin sararin wucewa. A nan gida, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta sauƙaƙa shiga gine-ginen jama'a. Ba ta tilasta wa mai gidan kansa ba, amma hankali ya isa ya tilasta masa.

Ƙofofin da ake shigowa da su daga Turkiyya da Sin galibi suna zuwa da faɗin milimita 900 ko 1200, tsayi kuma wajen 2100. Mu kuwa mukan kira su mai ƙafa uku da mai ƙafa huɗu, tsayi ƙafa bakwai. A nan ruɗani yake. Ƙafa uku milimita 914 ce, ƙafa bakwai kuma 2134. Idan magini ya bar wuri da lissafin ƙafa, ɗan kasuwa ya sayar da lissafin milimita, dole a sami tazara. Sannan adadin da ke jikin kwali yawanci har da firam ne. Ƙofa mai 900, idan aka cire kaurin firam da na murfin da aka buɗe, sararin da ya rage da ƙyar yake kai santimita 80. Don haka ina ba da shawarar mai 1200 ga babbar ƙofar gida, irin mai babban murfi da ƙarami: a riƙa amfani da babban kullum, a buɗe ƙaramin ranar buƙata.

Awon kansa ba ya buƙatar digiri, tef da takarda da natsuwa sun isa. A auna faɗi a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a ɗauki mafi ƙanƙanta, domin bangonmu ba kasafai yake miƙewa sak ba, musamman na ƙasa da ke da kauri a gindi yana sirancewa a sama. A auna tsayi ta dama da ta hagu, kuma daga inda daɓe zai tsaya bayan an gama aiki, domin tayil da simintin da ke ƙarƙashinsa na cin santimita huɗu zuwa biyar. A auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangarori biyu. Idan awon ya saɓa, wurin a karkace yake, kuma ƙofar za ta riƙa gogar ƙasa ko ta ƙi kulluwa. A auna kaurin bango: bulo mai inci tara milimita 225 ne kafin filasta, kuma firam ɗin da aka yi wa bulo mai inci shida ba zai rufe shi ba. A ƙarshe a bar sarari na santimita ɗaya zuwa biyu kowane gefe don saiti da cikon siminti.

Haɗarin da ya fi girma yana wajen faɗaɗa tsohuwar ƙofa. Linta ce ke ɗauke da bangon da ke sama, kuma tana buƙatar ta hau bango aƙalla santimita 15 a kowane gefe. Wanda ya sassare gefuna don ƙofa mai ƙafa huɗu ta shiga gurbin mai uku, ya cinye mazaunin linta ke nan. Tsagewar bango za ta biyo baya, a ginin ƙasa kuwa damina ɗaya ta isa. A tokare sama, a zuba sabuwar linta, a bar ta ta yi ƙarfi, sannan a fasa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Ƙofar da ke buɗewa waje a ƙuntataccen lungu tarko ce ga yara da masu babur, don haka ta buɗe ciki, a kuma tabbatar ko ta dama ce ko ta hagu kafin a biya kuɗi. Inda aka yi sabuwar kwalta titi ya fi gida tudu, a ɗaga dokin ƙofa, a yi masa ɗan gangare mai sauƙin hawa ba tare da an toshe kwata ba. Ƙofar da ke kallon gabas na shan dukan ruwa da iskar damina, ta yamma kuma na shan ranar la'asar. Ɗan rumfa a samansu na ƙara musu kwana.

Ba kuma dole ba ne sai ta waje. Masu waldarmu na iya ƙera ƙofa daidai da gurbin da ke akwai, muddin an ba su awo a rubuce kuma an yi magana kan kaurin ƙarfe. Abin da nake roƙo shi ne mai gida da magini da mai walda su tsaya tare a bakin ƙofar, da tef ɗaya da lissafi ɗaya, kafin a ɗaga guduma. Fenti ana sauya shi kowace Sallah, amma ƙofa mai yiwuwa jikoki ne za su gaje ta.