Odar magani ta waya a Ghana: Shin inshora za ta biya?

Ga mai hawan jini ko ciwon suga a Nima ko Aboabo, sayen magani hidima ce ta kowane wata. Shi ya sa dandalin sayar da magani ta intanet da gwamnati ta ƙaddamar a 2022 ya zo da sauƙi: ka tura hoton takardar likita, a kawo maka har gida. To amma fa, kawowa daban, inshora ta biya daban.

Tsarin NHIS, wanda aka kafa a 2003, ba kowane magani yake biya ba. Yana da jerin nasa, kuma da asalin sunan magani ake rubutawa, ba sunan kamfani ba. Metformin da amlodipine suna ciki. In ka nace sai na wani kamfani mai tsada, aljihunka ne zai ji a jikinsa.

Sai shi kansa kantin. Lasisin sayar da magani bai wadatar ba, sai hukumar NHIA ta tantance shi. Katinka ma dole ya kasance yana aiki, ana sabunta shi ta *929#. Masu inshorar kamfanoni masu zaman kansu kuwa, wasu magungunan sai kanti ya nemi izini tukuna, kuma amsa kan jima.

Don haka kada ka bari sai ƙwayar ƙarshe. Kafin ka tura ko sisi, tambayi kantin: kuna karɓar katina? Hawan jini ba ya jiran takarda.