Tsohon Kare a Bayan Tashar Kawo

A wani layi na makanikai da ke bayan tashar Kawo akwai wani jan kare da na daɗe da sani. Mai gadin garejin ne ya kawo shi a cikin kwali yana ɗan kwikwiyo, tun kafin a rushe tsohuwar gadar Kawo a gina wannan da aka buɗe a 2022. Yau furfura ta zagaye masa baki, idanunsa sun yi hazo kamar sararin Kaduna a tsakiyar hunturu. In zai tashi sai ya fara kafa ƙafafun gaba, ya ɗan dakata, sannan ya jawo na baya a hankali. Yininsa duka a ƙarƙashin wata matacciyar mota yake yi. Da magariba ta yi, makanikai suka tattara sifanoninsu, sai ya taso ya kwanta a bakin ƙofa, wurin da ya saba kwanciya fiye da shekara goma.

Kare bai ji daɗin bakin Bahaushe ba. In zagi ya kai maƙura sai a ce ko kare ba zai ci ba. In mutum yana sheƙe ayarsa ba mai tsawata masa, ana cewa yana cin karensa ba babbaka. Yaron da ke lilo a ƙofar mota yana kiran fasinjan Zariya da Kano, karen mota ake ce masa, wanda kuma ake turawa ya ci mutuncin wani a siyasa shi ne karen farauta. Har kashinsa an ce ba ya taki. Amma a cikin maganganun nan akwai guda da ta nuna cewa magabata sun san halin da dabbar nan take ciki: an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Wanda ya fara faɗin haka ya lura da cewa kare yana tsare gidan da ba a cika tunawa da shi ba sai an gama cin tuwo.

Karin maganar da ta fi yi wa tsohon kare illa ita ce "karen bana shi ke maganin zomon bana". A fagen farauta gaskiya ce tsagwaronta. Duk wanda ya taɓa bin mafarauta cikin rani ya san zomo ba ya jiran mai ciwon gwiwa. Kare kuwa da wuri yake tsufa. Cikinsa kwana sittin da uku ne ko kusa da haka, a haife shi ido rufe, ya buɗe bayan kamar mako biyu, kafin ya cika shekara ya zubar da haƙoran yarinta 28 ya fitar da na girma 42. Daga shekara bakwai ko takwas ya shiga sahun dattawa, kuma manyan karnuka sun fi ƙanana saurin tsufa. Haƙora su lalace, gaɓoɓi su yi tsami, barci ya ƙaru, kunne ya fara nauyi. Wannan kunnen da a da yake jin siririn sautin da ɗan Adam ba ya ji, har kakanninmu suke cewa in kare yana kuka cikin dare to ya ga abin da ba mu gani ba ne.

Sai dai gadi ba tseren zomo ba ne. Hancin kare yana da ƙwayoyin sansana ƙamshi da suka kai ɗaruruwan miliyoyi, namu kuwa ba su wuce miliyan biyar zuwa shida ba, kuma ko ido ya dushe, da hancin nan yake ci gaba da gane duniya. A kan wannan kuma akwai abin da shekaru kaɗai ke koyarwa. Jan karen nan ya san warin kowane yaron gareji, ya san mai shayin da ke wucewa da asuba, ya san almajiran da ke zuwa da kwanukansu, ba ya ɗaga kai don su. Sabon karen da aka kawo bara yana yi wa leda haushi in iska ta ɗauko ta, har mai gadi ya daina tashi don muryarsa. Na tambayi dattijon ko me ya sa bai rabu da tsohon ba. Ya ce min, "Ɗana, in wancan ya yi haushi gyara kwanciya nake yi. In wannan ya yi, sai na ɗauki tocila." An ce kare ka mutu da haushin kura. A Kawo ta yau kurar ita ce ɓarawon batir da mai kwance madubin mota, kuma tsohon ne ya fi sanin takunsu.

Ba kowane tsohon kare ne yake samun irin wannan mai gida ba, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Da yawa in ƙarfi ya ƙare sai a daina ba su abinci, a bar ƙofa a buɗe, ko a ɗauke su a mota a yar can wajen Mando ko hanyar Zariya inda ba za su gane gida ba. Wasu a sayar wa fataken da ke kai karnuka kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato. Wanda aka yar kuwa sai ya koma bola, kaska ta cika masa kunne, ƙazuwa ta cinye gashinsa, yara su bi shi da jifa. Dabbar da ta saba da kwano ba ta iya kokawar juji da karnukan da aka haifa a can.

Kuma abin yana dawowa kanmu. Karen da ba shi da mai shi ba wanda zai kai shi rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar tana yankewa. Allurar ba daga nesa take ba, ana yin ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos.

A Ingila, wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka rasa masu su a Landan a 1860, wanda ya koma unguwar Battersea a 1871, kuma har yau yana aiki. A irin waɗannan gidaje mutane kan zo su ɗauki kare su riƙe, amma ido ya fi faɗawa kan 'yan kwikwiyo, tsofaffi su ne ke daɗewa a keji. Shi ya sa ake ta kiraye-kirayen a riƙa ɗaukar tsofaffin. Mu ba mu saba da wannan tsari ba, ni kuma ban ga dalilin da za mu jira shi ba, domin hujjar tana cikin abin da muka karanta tun muna makarantar allo. Shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin nan yana shimfiɗe da ƙafafunsa a bakin kogo. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Wancan karen bai taɓa yi masa gadin komai ba. To ina ga wanda ya kwana a ƙofarka shekara goma, da sanyi da damina?

Riƙon tsohon kare ba shi da tsada. Inuwa yake so da rana, domin ba ya gumi kamar mu, da lallage harshe yake sanyaya jiki. Da hunturu a shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo, siminti yana ƙara masa ciwon gaɓoɓi. A jiƙa masa tuwo ko ƙanzo ya yi laushi, a guji ba shi dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa, da abincin da albasa ta yi yawa a ciki, don tana lalata masa jini. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. A cire masa kaska, a ba shi maganin tsutsar ciki, a kai shi wurin likitan dabbobi don allurar shekara. A kuma gaya wa yara kada su taɓa shi yana barci, wanda kunnensa ya yi nauyi yana saurin firgita. Baƙon kare mai dalalar da yawu ko mai cizon duk abin da ya gani, wannan kada kowa ya kusance shi, kuma wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya wuce asibiti a ranar.

Ya kai mai gida, mai gareji, mai gona a bayan gari, in karenka ya tsufa ka kawo sabo, amma ka bar wa tsohon kwanonsa da wurin kwanciyarsa. In kuma maƙwabcinka zai tashi daga unguwa ka ji yana shawarar yar da nasa, ka ce ya bar maka shi.