Ilimin Ƙauyukan Jazira da Ƙofar Aji

Tun da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya tsira daga yaƙin Burmi na 1903 ya kafa garin Mai Wurno a gaɓar Nilu kusa da Sinnar a Sudan, mutanenmu ke riƙe da allo da tawada da ajami. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, Hausawa na cikin waɗanda suka yi shuka da tsinka. Amma abin da suka sani game da ƙasa da ruwa da tsirrai bai samu gurbi a littafin makaranta ba.

Indiya ta fuskanci irin wannan giɓi, shi ya sa tsarin iliminta na 2020 ya buɗe wa ilimin gargajiya ƙofar manhaja. Sudan ba ta bukatar zuwa nesa neman misali. A 1921 Mabel Wolff ta buɗe makarantar ungozoma a Omdurman, ta karɓi matan da ba su iya karatu ba, ta koya masu gane magani ta ƙamshi da ɗanɗano, aka ɗora sabo a kan abin da hannunsu ya riga ya iya.

Jami'ar Jazira da aka kafa a Wad Madani a 1975 ta yi suna wajen tura ɗaliban likitanci ƙauyuka. Abin yabo ne. Sai dai ɗalibi ya je da kunne, ba da baki kaɗai ba. Dubi bagaruwa, wadda majema ke jima da ita, tsofaffi kuma ke jiƙa wa mai tari: masu bincike a Sudan sun gwada 'ya'yanta wajen kashe dodon koɗin da ke yaɗa ciwon tsagiya, cutar da ta daɗe tana addabar masu aiki a magudanan Jazira. Darasin kimiyya ke nan cikakke, ga bishiyar a bayan gida. Ba duk abin da tsofaffi suka faɗa ne zai ci gwaji ba, kuma gwajin kansa shi ne karatun.

Yaƙi ya kassara makarantun Madani tun daga Disamba 2023 har sojoji suka karɓe garin a Janairu 2025. Yanzu da ake farfaɗo da su, ya kamata a kira malamin allo da ungozoma da tsohon manomi su zauna da masu tsara manhaja, a kuma rubuta abin da suka sani da Hausa kafin Larabci ya gama shanye harshen jikokinsu.